Filin Tambaya da Amsa: Tsakanin Kwaleji da Wurin Aiki

Wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun taru a kan magana ɗaya, wato alaƙar da ke tsakanin kwalejojin koyar da fasaha da masu kamfanoni da masu sana'o'in da ake sa ran za su ɗauki ɗaliban aiki. Na zaɓi huɗu daga cikinsu, na taƙaita su, kuma na sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ɗan ƙanena yana karatu a Amurka a wata makaranta da ya ce ana kiranta kwalejin al'umma. Ya gaya mini cewa kwana biyu yake shiga aji a mako, sauran kwana ukun kuwa yana aiki a wani kamfani ana biyansa. Ni kuma ɗana ya gama difloma a fannin lantarki, yana zaune a gida ba aiki. Wace irin makaranta ce wannan, kuma me ya hana a yi irinta a wurinmu?
Daga wani uba, Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya buɗa wa yaronka ƙofar alheri. Kwalejin al'umma a Amurka makarantar gaba da sakandare ce wadda akasarin karatunta na shekara biyu ne, kuɗinta bai kai na jami'a ba, kuma kusan duk wanda ya gama sakandare yana iya shiga ba tare da gasar neman gurbi ba. Wadda ake lissafawa ta farko a cikin na gwamnati ita ce ta garin Joliet a jihar Illinois, wadda aka buɗe a 1901, amma ba su yaɗu sosai ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, musamman da kwamitin da Shugaba Truman ya kafa ya fitar da rahotonsa a 1947, inda ya ba da shawarar a kai irin waɗannan makarantu kusa da jama'a. A yau sun kai kimanin dubu ɗaya. Wasu ɗalibansu sukan yi shekara biyun ne su wuce jami'a su ƙarasa digiri, wasu kuma sana'a suke nema kai tsaye, kamar aikin jinya da walda da gyaran injinan masana'anta da aikin kwamfuta, kuma a cikinsu akwai magidanta da yawa masu aiki da rana su shiga aji da dare.

Abin da ɗan ƙanenka ya bayyana maka ya yi kama da shirin da kamfanin Toyota ya fara a 2010 a masana'antarsa ta garin Georgetown a jihar Kentucky, tare da kwalejin Bluegrass. Kamfanin ya rasa isassun ƙwararru masu kula da injinansa, kuma waɗanda makarantu ke yayewa ba su zo masa da abin da yake nema ba, sai ya zauna da kwalejin suka tsara manhaja tare, ɗalibi ya yi kwana uku a masana'anta da albashi, kwana biyu a aji, har kimanin shekara biyu. Daga baya wasu kamfanoni suka shigo, abin ya zama gamayya mai suna FAME, ya kuma bazu zuwa jihohi da dama.

Ina so ka lura, Alhaji, cewa kamfanin ba taimako yake yi ba, buƙatar kansa yake biya. Shi ne yake tantance ɗalibin tun farko, yana da ta cewa a kan abin da za a koyar, yana ware ƙwararren ma'aikacinsa ya tsaya a kan yaron, sannan yana fitar da kuɗi daga aljihunsa kowane wata. Wanda ya zuba dukiyarsa da lokacinsa a kan yaro har tsawon shekara biyu ba zai so ya ga wani ya ɗauke shi ba, shi ya sa aiki yakan biyo bayan karatun. A ganina nan ne tushen maganar gaba ɗaya: haɗin gwiwa bai tabbata ba sai mai ɗaukar ma'aikata ya sa wani abu nasa a ciki wanda zai ji zafin asararsa. Gwamnati ma ba ta zuba ido ba. Dokar Perkins, wadda aka sabunta a 2018, ta wajabta wa kwalejin da ke karɓar kuɗin tarayya don koyar da sana'a ta riƙa binciken irin ma'aikatan da yankinta ke buƙata aƙalla duk shekara biyu, tare da tuntuɓar masu kamfanoni. Jihar Carolina ta Kudu kuwa tun 1961 ta mai da kwalejojinta na fasaha abin jawo masu zuba jari, domin takan yi wa sabon kamfani alkawarin horar masa da ma'aikata kafin ya fara aiki, kuma da wannan tsari aka horar da ma'aikatan masana'antar motocin BMW da aka buɗe a jihar a 1994.

Duk da haka kada ka ɗauka kowane ɗalibi a can yana samun abin da ɗan ƙanenka ya samu. Guraben irin wannan shiri kaɗan ne, kuma ɗalibai da yawa a kwalejojin al'umma sukan bar karatu ba su kammala ba, saboda nauyin iyali da rashin kuɗi.

A wurinmu ba tsarin aka rasa ba. An kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wato ITF, a 1971 da hedkwata a Jos, kuma shi ne ya ɓullo da shirin SIWES a 1973 domin ɗalibai su taɓa aiki da hannunsu kafin su gama. An kafa Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, a 1977 da hedkwata a Kaduna, ita ce ke tsara manhajar kwalejojin kimiyya da fasaha tana kuma tantance kwasakwasansu. Ɗalibin ƙaramar difloma yakan yi wata huɗu na SIWES a tsakiyar karatunsa, sannan ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki kafin ya koma babbar difloma. Inda muka bambanta da su shi ne, a can kamfani ne ke zuwa neman ɗalibi, a nan kuwa ɗalibi ne ke yawo da wasiƙa daga wannan ƙofa zuwa waccan yana roƙon a karɓe shi, kuma wanda ya karɓe shi ba a taɓa tambayarsa abin da yake so a koya wa yaron ba.

Sai kuma ƙarancin manyan masana'antu. Kamfanin siminti na Kalambaina, wanda aka kafa a 1962 ya fara aiki a 1967, kuma yanzu yake ƙarƙashin BUA, ba shi da takwarori da yawa a wannan jiha, kuma komai girman kamfani ɗaya ba zai kwashe dukan waɗanda Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi da takwarorinta na Birnin Kebbi da Ƙauran Namoda da Talatar Mafara ke yayewa ba. Mai ɗaukar ma'aikata na gaskiya a Sakkwato shi ne mai gareji, da mai shagon walda, da mai haɗa sola, da mai haƙa rijiyar burtsatse, da ɗan kwangilar gini, da mai ƙaramin asibiti, da babban manomin rani. Duk shirin da bai fara da waɗannan ba, ba na ganin zai yi nisa.

Game da ɗanka, shawarata ita ce ya nemi ƙwararren mai haɗa sola ko mai gyaran injinan ban ruwa da famfunan burtsatse, ya zauna ƙarƙashinsa wasu watanni ko da kuɗin mota kawai za a riƙa ba shi. Rana ba ta yi mana ƙaranci ba, wutar lantarki kuwa ba ta wadace mu ba, saboda haka gidaje da shaguna da masallatai da asibitoci suna ta komawa sola, kuma mai difloma da ya iya lissafin nauyin da batir da fanel za su ɗauka yana da abin da yaron da ya koya da ido kawai ba shi da shi, muddin ya yarda ya hau rufin ɗaki da tsakar rana.

TAMBAYA: Malam, ni bakanike ne, ina da gareji da yara masu koyon aiki. Kowace shekara ɗaliban kwaleji sukan zo mini da wasiƙar IT, wato ta neman horon sanin makamar aiki. Wasu sai su zo makon farko su ɓace, ba zan sake ganinsu ba sai ranar da suke so in sa musu hannu a littafi. Wasu suna son koyo, amma ko riƙon sifana ba su iya ba. Malamin da aka ce zai zo ya duba su ba na ganinsa. Mece ce ribata a cikin wannan wahala?
Daga wani mai gareji, Buzaye, Sakkwato.

AMSA: Maigida, Allah ya saka maka da alheri a kan yaran mutane da kake karɓa. Kukanka gaskiya ne, kuma yadda abin yake tafiya a yanzu ribarka ba ta da yawa. Amma zan fara da roƙonka abu ɗaya: kada ka sake sa hannu a littafin ɗalibin da bai zo aiki ba. Sa hannunka shaida ce, kuma da ita za a ba shi takardar da wata rana wani zai dogara da ita ya miƙa masa motar da ke ɗauke da iyalinsa. Ka gaya wa kowane ɗalibi wannan tun ranar da ya kawo wasiƙa, ka ajiye littafin rajista a garejin, wanda ya zo ya rubuta sunansa da lokacin zuwansa.

Ribar da za ka iya samu tana da alaƙa da yadda mota ta canza. Motocin da ke shigowa yanzu kwamfuta ce ke sarrafa mai da iska da wutarsu, kuma matsalar da a da kunnenka ke ganowa daga ƙarar inji, yau sai an jona na'ura ta fitar da lambobi, an karanta littafin kamfani, an bi zanen wayoyi. Ɗalibin da bai iya riƙe sifana ba yana iya karanta wannan zanen, kai kuma kana da hannun da shi ba shi da shi. Idan ka haɗa shi da babban yaronka suka yi wata huɗu a kan mota ɗaya bayan ɗaya, kowannensu zai tashi da abin ɗan'uwansa.

Riba ta biyu ta yaranka ce. Akwai tsarin shaidar ƙwarewa na ƙasa, NSQ, wanda NBTE ke kula da shi, kuma a cikinsa an tanadi hanyar da za a gwada mutumin da ya koyi sana'a a wajen makaranta, a kalli aikinsa a inda yake yinsa, a ba shi takardar shaida gwargwadon matakin da ya kai, ba tare da an ce ya koma aji ya fara daga farko ba. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta yi irin wannan hulɗa da masu sana'o'in kasuwar Panteka. Yaron da ya yi shekaru a hannunka ya iya sauke inji ya mayar, amma ba shi da takardar da zai nuna wa kamfani ko hukuma, wannan hanya tasa ce. Idan kwaleji tana so ka karɓi ɗalibanta, kai ma kana da damar ka ce ta buɗe wa yaranka wannan ƙofa, ta kuma bar su su riƙa shiga ɗakin injinanta da yamma lokacin da ba kowa a ciki.

Sai dai kai kaɗai ba za a saurare ka yadda ya kamata ba, kuma babu kwalejin da za ta iya ƙulla yarjejeniya da kowane gareji ɗaya bayan ɗaya. A Jamus, inda mai koyon sana'a yakan yi mafi yawan makonsa a wurin aiki, kwana ɗaya ko biyu kuma a makaranta, har tsawon shekara biyu zuwa uku da rabi, ƙananan masu sana'a ne ke horar da kaso mai yawa na matasan, kuma abin da ya riƙe tsarin shi ne majalisun 'yan kasuwa da na masu sana'ar hannu, waɗanda ke yi wa yarjejeniyar kowane yaro rajista, su sa ido a kan horon, su shirya jarrabawar ƙarshe. Ku ma kuna da ƙungiyar kanikawa da shugabanninta. Su je su zauna da ofishin da ke kula da SIWES a kwalejin, a rubuta a takarda yawan ɗaliban da kowane gareji zai iya ɗauka, da abin da ɗalibi zai koya a kowane wata, da sunan malamin da zai riƙa zuwa da ranakun zuwansa, da wanda zai ɗauki nauyin magani idan yaro ya ji rauni. Wannan batu na ƙarshe kada ku bari a tsallake shi, domin ranar da jak ya zame ko batir ya fashe, kai za a fara kallo.

TAMBAYA: Ni malami ne a wata kwalejin fasaha. Ina jin tsoron cewa idan aka bai wa kamfanoni dama su sa baki a manhaja, za mu koma masu horar da yaran kamfani ɗaya kawai, ilimi ya ƙuntata, kuma ranar da kamfanin ya rufe ko ya canza injinansa ɗalibanmu su rasa tudun dafawa. Shin wannan tsoro ba shi da tushe?
Daga wani malami, Arkilla, Sakkwato.

AMSA: Malam, yana da tushe, kuma a Amurkar ma masana ilimi sun daɗe suna wannan muhawara. Kamfani yana duba buƙatarsa ta bana da baɗi, makaranta kuwa an ɗora mata amanar rayuwar ɗalibi ta shekaru talatin masu zuwa. Saboda haka akwai abubuwan da bai kamata kwaleji ta sallama wa kowa ba: lissafi, da ka'idojin da fannin ya ginu a kansu, da iya rubuta rahoto, da dokokin kare lafiya a wurin aiki, da kuma takardar shaidar da za ta yi amfani a ko'ina, ba a ƙofar kamfani ɗaya kaɗai ba. Maganin abin da kake tsoro shi ne a yi hulɗar da masu sana'a da yawa a fanni ɗaya, kamar yadda shirin Toyota ya zama na gamayyar kamfanoni, ta yadda abin da za a koyar zai zama abin da fannin duka ke buƙata.

Amma ka ba ni dama in ce a halin da muke ciki, haɗarin da ya fi kusa da mu shi ne akasin wanda ka ambata. Ba yawan sa bakin masu kamfanoni ke damun kwalejojinmu ba, rashinsa ne. Ana sa hannu a kan yarjejeniyar fahimtar juna, a ɗauki hoto, a buga labari, sannan a rufe takardar a durowa, ba ɗalibi ko ɗaya da ya canza wurin zama saboda ita. Ni ma'aunin da nake amfani da shi mai sauƙi ne: ɗalibai nawa suka shiga wurin aikin, wa ya tsaya a kansu, nawa aka biya su, kuma nawa ne a cikinsu ke da aiki ko sana'a shekara guda bayan sun gama. Sashen da ya ajiye lambar wayar ɗalibansa yana kiransu bayan shekara ya tambaye su inda suke da abin da suka tarar ba a koya musu ba, ya sami abin gyara manhaja wanda babu taron bita da zai ba shi, kuma kuɗin da zai kashe bai wuce na katin waya ba.

Akwai kuma kuɗin da ba a cika tunawa da shi ba. Dokar ITF ta ɗora wa kamfanonin da ta shafa biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansu a shekara, kuma ta ba su damar karɓar har rabin abin da suka biya idan suka horar da ma'aikatansu bisa tsarin da asusun ya amince da shi. Kwalejin da ta shirya gajerun kwasakwasai masu inganci na makonni ga ma'aikatan da ke bakin aiki tana iya zama wurin da za a kashe wannan kuɗi, kuma ta nan ne malamai za su san manajoji da injiniyoyin kamfanonin, sanin da daga baya zai buɗe wa ɗalibai ƙofa. Malamin kansa yana buƙatar ya riƙa yin wani ɓangare na dogon hutu a masana'anta ko a wurin gini, domin wanda rabonsa da taɓa injin da ake aiki da shi a kasuwa ya daɗe, abin da ya tarar a zamaninsa zai ci gaba da koyarwa.

Wani abin da ke ci mini rai shi ne sana'o'in da Allah ya ba wannan ƙasa tamu tun kafin zuwan boko. Fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna a duniya tun zamanin fatake masu ratsa Sahara, har Turawa suka riƙa danganta ta da Maroko saboda ta can take isa gare su, kuma har yau majema da dukawa suna nan suna aiki a shiyoyinsu cikin birni. Manoman albasa na Goronyo da Wurno da Kware kuwa kowace shekara suna asarar wani ɓangare na amfaninsu saboda ruɓewa a wurin ajiya. Ɗalibin kimiyyar haɗa sinadarai da zai yi aikin kammala karatunsa a majema, ko ɗalibin injiniyan aikin gona da zai yi nasa a kan rumbun albasa mai shan iska tare da ƙungiyar manoma, ilimin da zai samu ba ƙuntatacce ba ne, kuma mutanen da ya yi wa aikin su ne za su fara neman sa idan ya gama.

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce mai karanta kwamfuta. Lokacin IT ɗinmu ya kusa, amma mahaifina ya ce bai yarda in je shagon da maza ne kawai a ciki ba. Wata ƙawata ta ce in nemi inda za a buga mini hatimi kawai in zauna a gida. Me zan yi?
Daga wata ɗaliba, Tudun Wada, Sakkwato.

AMSA: 'Yata, kada ki bi shawarar ƙawarki, domin wata huɗun nan su ne karo na farko da za ki ga yadda abin da kika karanta yake aiki a hannun mutane, kuma sau da yawa daga nan ake samun wanda zai tuna da ke idan gurbi ya samu. Damuwar mahaifinki ma a kan hanya take, kuma ana iya biya masa buƙata ba tare da kin rasa horon ba. Asibitoci da makarantun 'yan mata da bankuna da ma'aikatun gwamnati da cibiyoyin jarrabawa ta kwamfuta duk suna da sashen adana bayanai ko na kula da na'urori, kuma a yawancinsu akwai mata ma'aikata. Ki je ofishin SIWES na makarantarku tun yanzu, kafin guraben su cika, ki faɗa musu sharaɗin da mahaifinki ya gindaya, ki nemi a tura ki tare da wasu ɗalibai mata biyu ko uku wuri ɗaya. Idan an sami wurin, ki roƙi Baba ya raka ki ranar farko ya ga wurin da idonsa, ya gaisa da wanda zai kula da ku, ya karɓi lambar wayarsa, a kuma yi magana a gabansa a kan lokacin tashi daga aiki domin ki riƙa isa gida kafin magariba.